Taku Uku Tsakanina da Surukina

A ƙauyenmu, tsakanin Bawdeta da Hawandawaki, in ana so a yi wa sabon ango faɗa a kan ladabi, da ni ake ba shi misali. Dattawa su ce masa ya je ya dubi wane, mutumin da surukinsa ya yanke jiki ya faɗi a gabansa cikin taron jama'a, amma duk da haka bai manta ya tuɓe takalmi ya durƙusa ba. Da yabo suke faɗa. Shekara arba'in ke nan ina karɓar wannan yabo ina sunkuyar da kai, su kuma suna ɗauka wata kunyar ce ta sake kama ni. Haushi ne ke cina. Na gaji da haɗiye shi, shi ya sa na sa aka sayo mini littafin rubutu da alƙalami.

A da ni sakuris ne. Yaran yanzu ba su san kalmar ba. Bayan babban fari na farko ya ci dabbobi ya ci mutane, sojoji sun karɓi mulki, sai umarni ya iso mana cewa garinmu ya fitar da mutum guda da za a koya wa taimakon marasa lafiya kafin a kai su gidan likita, wato asibiti. Mai gari ya nuna ni saboda na yi aji uku a lakwal, makarantar boko, ina iya karanta abin da ke jikin kwalba ba tare da na riƙe ta a kife ba. Muka yi kwana goma a Tasawa, mu goma sha wani abu daga garuruwa daban-daban, muna kwana a baranda. Aka ba kowa akwatin katako mai kwaɗo, a ciki akwai nibakin na zazzaɓi, asfirin, jan maganin gyambo, na ɗigawa a ido, bandeji da almakashi. Albashi babu. Abin da muka samu shi ne mutane suka fara ce mana likita, mu kuma ba mu hana su ba.

Wanda ya koyar da mu shi ne babban ma'aikacin gidan likitan, majo ake ce masa. Guntun mutum ne mai saurin fushi, kullum da taba a bayan kunne. Ranar ƙarshe, bayan an raba akwatuna, ya sa aka jawo buhun gyaɗa tsakar ɗaki, ya ce wannan ba ya cikin abin da aka rubuto masa ya koya mana, amma zai nuna mana don kada a ce ya ɓoye. Ya ce wani lokaci mutum yana tafe lafiya lau sai zuciyarsa ta tsaya cak, ya faɗi. Bai mutu ba tukuna, yana bakin ƙofa ne. A babban birnin da ya yi karatu, in haka ta faru a titi, wani zai durƙusa ya yi ta danna ƙirjin, wani ya ruga wurin tarho, mota ta taho da jiniya ɗauke da wani inji da ke girgiza zuciya da lantarki har ta tuna aikinta. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce a garuruwanmu babu tarho, babu mota, babu inji, abin da muke da shi hannu biyu ne da baki.

Ya durƙusa a kan buhun, ya ɗora tafi kan tafi a tsakiya, ya miƙe gwiwar hannu, ya dinga dannawa da nauyin jikinsa har muna jin gyaɗa na fashewa. Ya ce in haƙarƙari ya karye kada mu tsaya, ƙashi na haɗewa. Ya nuna yadda ake toshe hanci a hura iska a baki. Sannan ya faɗi abu biyu da ya sa muka maimaita sau uku kamar ƴan aji ɗaya. Na farko, lokacin da ke hannunka bai wuce na sallar azahar ba, daga kabbara zuwa sallama. In raka'a huɗu suka wuce ba a taɓa mutumin ba, ko an tashe shi ba shi ne zai tashi ba. Na biyu, mai irin wannan faɗuwa yakan ja wani numfashi jefi-jefi, mai ƙara kamar minshari, mutane su ce alhamdu lillahi yana numfashi. Ya ce na ƙarya ne, kada ya ruɗe mu. Na riƙe duka biyun. Ina so a san wannan tun yanzu, don kada wani mai tausayi ya ce jahilci ne ya ja mini.

Na ma taɓa gwadawa. Shekara biyu ko uku bayan nan ana yasar tsohuwar rijiyar gari, sai mai yasar, wani baƙo da aka ɗauko daga Mayahi, ya yi shiru a ƙasa. Aka jawo shi da igiya, leɓɓansa sun yi toka-toka, babu numfashi. Ban tsaya tambayar kowa ba. Na ture mutane, na hau kansa ina dannawa ina hura masa iska, bakinsa duk laka. Wasu na cewa in ji tsoron Allah in bar gawa ta huta. Can sai ya yi tari, ya amayar da ruwan laka a rigata. Mako guda aka yi ana tsokanata wai na sumbaci ƙato a bainar jama'a, liman kuma ya ce kwanansa ne bai ƙare ba, wanda gaskiya ne. Amma matata tana cikin matan da suka tsaya da tuluna a gefe, ta ga komai da idonta, kuma ranar ta zuba mini man shanu a tuwo fiye da yadda ta saba.

Ita ƴar arewa ce, daga wajen Isawan, inda ƙasa ta fi tamu bushewa, ana noma kaɗan ana kiwo da yawa. Mahaifinta dogon mutum ne mai ƙarancin magana, yana da shanu da suka kai a nuna. In na ce na san fuskarsa sosai na yi ƙarya. Shekara tara ina auren ƴarsa, abin da na fi sani ƙafafunsa ne, da bakin rigarsa, da sandarsa. Haka aka raine mu. In ka hango surukinka a hanya, ka saki hanyar. In babu makawa, ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, ka gaishe shi idonka a ƙasa. Ba ka cin abinci inda yake, ba ka shan ruwa yana gani, ba ka kama sunansa ko da wani mai irin sunan kake nufi. Hannu kuwa ko da Salla ba mu taɓa haɗawa ba. Abin bai taɓa yi mini nauyi ba. Ina ma alfahari da shi, don a cikin sa'o'ina ni aka fi sani da iya surukuta.

Sai fari na biyu ya zo, shekara goma bayan na farko. Ruwa ya sauka sau biyu aka yi shuka, ya ɗauke. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Iyakar Najeriya, inda muka saba samo garin rogo, a rufe take sai ta ɓarauniyar hanya. Mata suka koma jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a samu abin sa wa a baki. A arewa abin ya fi muni. Surukina ya ga shanunsa suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya, ya ba da ta ƙarshe a kan ƴan tiyoyin hatsi. Matarsa ta riga ta rasu, ƴaƴansa maza sun bi hanyar kudu neman abinci. Wata rana da hantsi sai ga shi a bakin garinmu, da sanda da buta da tabarma.

Gidana bai shiga ba. Yaya za a yi uba ya zauna a gidan mijin ƴarsa yana cin tuwonsa? Ya sauka a zauren wani tsoho mai sayar da goro, wanda suka san juna a kasuwanni. Ni kuwa ina da sauran dammunan hatsi a rumbu, ba yawa, amma za su kai mu. Na ce wa matata ta dinga kai masa abinci, ta ce na ƙawarta ne, ko na sadaka, ko duk abin da ta ga dama. Kwana biyu ya ci, a rana ta uku ya gane, ya mayar da kwanon da murfinsa. Ya aiko ta ta gaya mini ya gode, Allah ya yi albarka, shi yana da abin da yake jira daga gwamnati.

Ita ce kuma ta gaya mini yana dafe ƙirji in ya tashi daga zaune, yana cewa wani abu na danne shi har cikin hannun hagu. Na ɗauko asfirin daga akwati na ba ta ta kai masa. Da ina da hankali da na je da kaina na duba shi, na ɗora shi a amalanke zuwa Tasawa. Amma likitan da ba ya iya kallon fuskar mara lafiya, wane irin dubawa zai yi? Shi ma ba zai yarda ya kwaɓe riga a gabana ba. Muka zauna a gari ɗaya, gida shida tsakaninmu, muna aika wa juna gaisuwa ta bakin mace guda.

Abin da yake jira shi ne jar dawar taimako. Babbar mota ce ke kawo ta Hawandawaki, sojoji ke rabo, da takarda mai sunayen magidantan yankin. Sunansa ba ya ciki, don shi a ƙasar Mayahi aka rubuta shi. Sau biyu yana zuwa, sau biyu ana ce masa ya koma can, tafiyar kwana uku ga mai ƙoshi. Na so in yi masa magana wurin mai gari, matata ta ce in ya ji ni na roƙa masa, a ranar zai bar garin. Na bari. Ranar rabo na uku ya sake fita tun da sassafe, da buhunsa a naɗe a hammata.

Ni ma ina wurin, amma ba a layi ba. Majo ya aiko cewa kowane sakuris ya zo da akwatinsa ranar rabo saboda masu faɗuwa. Aka ba ni gindin wani itacen bedi da tulun ruwa, na ɗaura ƙyallen aiki a damtse. Tun hantsi nake fama. Mai jiri a kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwa da ɗan gishiri. Layi ya miƙe daga bayan motar har ya zagaye masallaci. Na hango surukina sau ɗaya, kansa ya fi na kowa tsawo, na yi sauri na kawar da ido. Na ma gyara zama na ba layin baya, don kada ya ga na gan shi yana jiran a tsam masa.

Rana ta take tsaka sai na ji ana kiran likita. Na bar akwatin na ruga, mutane suka dare. Abin da na fara gani ƙafafu ne, da takalmin fata da aka ɗaure igiyarsa da waya, da sanda a yashe. Na gane su tun kafin in kai ga fuska.

Taku uku ya rage tsakanina da shi. Na koma wurin daga baya sau da yawa na auna da ido, taku uku ne. A nan ƙafafuna suka tsaya. Ban yanke shawarar komai ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Da na tsaya na yi tunani na zaɓi kunya, da na ce na yi kuskure irin na mai hankali. Jikina ne kawai ya yi abin da ya saba yi shekara tara. Na tsinci kaina na zare takalmi, na durƙusa, kaina a ƙasa. Har bakina ya buɗe zai ce ina wuni.

Ta ƙasan ido ina ganin ƙirjinsa ba ya motsi. Na san abin da ake yi. A yage riga, a hau kansa, a danna har ƙashi ya yi ƙara, a kama hancinsa, a haɗa baki da nasa. Bakin mutumin da ban taɓa shan ruwa a gabansa ba, ga rabin ƙasarmu a tsaye tana kallo. Sai na juya wurin tsohon mai goro, wanda ya tallabe kansa, na ce masa ya danna tsakiyar ƙirjin da ƙarfi. Ya ɗora yatsu yana shafawa a hankali kamar mai lallashin jariri. Na sake ce masa da ƙarfi. Ya ce in yi haƙuri, ai ba kirɓin fura ake yi ba. Wani ya kawo ruwa ya yayyafa, wani ya cire malafa yana fifita.

Sai ya ja numfashin nan. Dogo, mai ƙara, bakinsa ya buɗe ya rufe. Jama'a suka ce alhamdu lillahi, ya farfaɗo. Ni kaɗai a wurin na san ko mene ne, ina jin muryar majo a kunnena sarai. Kuma na yi shiru, don maganarsu ta ba ni inda zan ɓuya. Na ce a raina wataƙila su ke da gaskiya, bari in ga na gaba. Na gaban ya zo bayan an daɗe, ya fi na farko rauni. Na zauna jiran na uku.

Sarjan ɗin da ke kula da rabo ya ratso mutane. Wani siririn mutum ne daga yamma, Hausarsa a karye. Ya dubi wanda ke kwance, ya dubi ƙyallen da ke damtsena, ya ce, “Kai likita. Mi kake jira?” Wani daga bayana ne ya ba shi amsa, ya ce, “Surukinshi ne, ranka shi daɗe.” Ya faɗa kamar wanda ya gama bayani, kowa kuma ya gyaɗa kai. Sarjan ya dube ni. Na sha ganin raini a idon soja, a wancan zamani shi ne gaisuwarsu, amma na ranar nan na cancance shi. Ya taɓe baki ya koma bakin mota.

Da na matsa, a makare na matsa. Na ja gwiwa taku ɗaya na miƙa hannu, daidai lokacin da liman ya iso. Ya sa aka juya shi ya fuskanci gabas, ya yi masa kalmar shahada a kunne, ya shafe idanunsa, ya warware rawaninsa ya rufe shi. Ya ga hannuna a miƙe, ya kama shi ya mayar mini da shi a hankali, ya ce in yi haƙuri, na yi abin da ya kamaci ɗa na gari. Ban san minti nawa aka yi ba. Na dai san an wuce raka'a huɗu da nisa.

Rabo bai tsaya ba. Layin ya ɗan lanƙwasa ya kauce wa gawar, aka ci gaba da kiran suna. Ba na zargin kowa a kan wannan, kowa ya baro yara da yunwa a gida. Mai gari ya roƙi a kai mana shi gida a motar, tunda ta kusa zama wayam. Aka ce takardar motar ta dawa ce, ba a rubuta mutum a ciki ba, mai rai ko mamaci. Muka nemo amalanken jaki. Muna shirin tashi sai ga wani soja da buhun marigayin, wanda aka tsinta a ƙarƙashinsa, an zuba tiya biyar a ciki, wai sarjan ya ce a yi sadaka. Dawar da suka hana shi sau biyu yana tsaye da ƙafarsa, ita muka ɗora a gefensa. Da ita aka yi tuwon sadakar uku.

A zaman makoki labarin ya fara girma. Wanda ya gani ya ba wanda bai gani ba, kowa na ƙara gishiri. Wai ina hawaye amma ban ɗaga kai ba. Wai soja ya nuna ni da bindiga in taɓa shi na ƙi. Tsofaffi suka dinga dafa kaina suna roƙon Allah ya ba su suruki kamata. Sau ɗaya na buɗe baki a zaure na ce da na danna ƙirjinsa da ya fi, sai suka ce ji tawali'u, ga shi ma ba ya son a yabe shi. Mata kuma suka shiga ciki suna taya matata murna a tsakiyar ta'aziyya, suna ce mata mijinki mutumin kirki ne, akwai kunya. Ina jiyo su ta bayan darni.

Matata ta bari har aka yi arba'in. Da safe ne, tana tankaɗe a tsakar gida, ina gyaran igiyar guga. Ba ta ɗago ba ta ce, “Malam, mai yasar rijiyar nan da ka tada, uban wa ne?”

Na ce ban sani ba, baƙo ne.

Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, “Da ma Baba baƙo ne.”

Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar. Ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaga mini murya ba, tuwona bai taɓa makara ba. Amma daga ranar ba ta sake neman ko ƙwayar nibakin daga akwatina ba. In yaro ya yi zazzaɓi sai ta goya shi ta bi yashi har gidan likita, ta wuce akwatin a bakin ƙofa. Mutanen gari na zuwa da gyambonsu da ciwon idonsu ina yi musu magani, matata na ratsawa ta gabanmu da goyo.

Na ɗauki akwatin na kai Tasawa in mayar. Na gaya wa majo komai, ban rage ba, ina so ya zage ni. Ya kunna tabarsa. Sannan ya ce surukina tsoho ne, ga yunwa, ga zuciyar da ta daɗe tana ciwo, ba kamar mai rijiya ba da iska kawai ya rasa. Irin wannan ko a birni sau da yawa dannawa kaɗai ba ta tada shi sai injin ya zo. Mu kuwa motar ɗaukar marasa lafiya guda ce, ranar ma tana rakiyar wani babba rangadi, kuma ko tana nan wa zai kira ta, da me? Na ce ke nan ko na danna ba zai tashi ba. Ya ce bai ce haka ba, wataƙila ya ce. Na roƙe shi ya faɗi ɗaya, ko i ko a'a. Ya ce shi ba boka ba ne. Ya turo mini akwatin da ƙafa, ya ce in koma bakin aikina, ba shi da wani da zai ba.

Na fi shekara ina jin haushin sojoji, kuma suna da rabonsu, su suka tsayar da tsoho a rana sau uku saboda takarda. Na ji haushin gwamnatin da ta ba ni almakashi da jan magani ta ce in tare mutuwa. Na ji haushin shi kansa marigayin, Allah ya gafarta masa, da ya gwammace layin soja a kan tuwon ƴarsa. Duk in bi su ɗaya-ɗaya in gama, kullum sai in dawo kan taku ukun nan, inda babu soja babu takarda, daga ni sai takalmina a ajiye gefe guda. Abin da na kasa yafe wa kaina shi ne har jera su na yi, tsaf, kamar a ƙofar masallaci.

Na ci gaba da aikin shekara goma sha wani abu, har aka daina kawo magani, akwatin ya zama wurin ajiyar irin kuɓewa. Sau biyu na sake hawa ƙirjin mutum, ɗaya a kasuwa ɗaya a gona, babu wanda ya tashi. Wataƙila ya kamata wannan ya sanyaya mini rai, amma bai sanyaya ba.

Yanzu akwai waya a aljihun kowa. Akwai motar da ake kira, in an yi sa'a da mai a cikinta ta taho tana nitsewa cikin yashi, ta iso bayan an gama abin da za a gama. Maganar majo tana nan inda ya bar ta, mintocin farko na wanda ke kusa ne. Bara na fara jin nauyin nan a ƙirji in na tashi daga zaune, yana sauka hannun hagu. Likita a Tasawa, wata yarinya sa'ar jikata, ta saurari ƙirjina ta ba ni ƙwayoyi, ta ce kada in dinga zama ni kaɗai. Ƴaƴana maza duk suna nesa, ɗaya a Maraɗi, biyu sun ƙetare iyaka. Namijin da ke kusa da ni kullum, wanda gonarsa ke jikin tawa, shi ne mijin ƴata ta biyu.

Ba ni da abin faɗa a kansa. Ƙaƙƙarfa ne, tafin hannunsa kamar faifai. Tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi. An ba shi labarina tun kafin a ɗaura aure, kuma na ga alama ya ɗauke shi darasi.

Watan jiya na aika aka kira shi da la'asar. Na sa an jawo buhun hatsi tsakar gida. Ya shigo ya durƙusa can jikin rumbu. Na ce ya matso, ya ja gwiwa kaɗan. Na gaya masa abin da majo ya gaya mana duka, har da raka'a huɗu da numfashin ƙarya. Na durƙusa da ƙyar na nuna masa a kan buhu. Na ce ya gwada, ya gwada, kuma ya iya, buhun har nishi yake. Sai na zauna na buɗe wuyan rigata, na ce ya kawo hannunsa in nuna masa daidai wurin a jikina, don ranar da zan faɗi ba buhu zai tarar ba.

Ya ce, “Allah shi kiyaye, Baba. Allah shi ƙara maka lahiya.”

Na ce, “Amin. Kawo hannun.”

Bai kawo ba. Na miƙa na kamo wuyan hannunsa da kaina na ɗora a ƙirjina. Kansa na ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ko numfashi biyu ban ja ba ya zare shi kamar ya taɓa garwashi. Ya ce in gafarce shi, ya tuna ya baro jaki a sake. Ya fita da baya-baya, ya ɗauki takalminsa a hannu, bai sa ba sai da ya wuce zaure.

Matata na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar wake, ta ga komai, kamar yadda ta gani a bakin rijiya. Ta tsufa, ni ma na tsufa. Na juya na dube ta, ina fatan ko yau za ta faɗi wani abu da zai sauke mini abin da na ɗauka. Ta bi shi da ido har ya ɓace, sannan ta mayar da kai kan wakenta.

Ta ce, “Yaron kirki ne, Malam. Akwai kunya.”